Selena Quintanilla, mawaƙiyar Teksas da aka harbe kan takardun shagonta

Wannan karo filinmu na tarihin mashahuran mutane ya kai mu nesa da gida, har jahar Teksas da ke kudancin ƙasar Amurka, kan iyaka da Meksiko. Za mu kawo muku rayuwar wata ɗiya mace, Selena Quintanilla, wadda ta fara waƙa a gidan abincin ubanta tana ƴar shekara 9, ta zama sarauniyar wani kiɗa da maza suka daɗe suna riƙe da shi, ta buɗe shaguna biyu na tufafi, kuma aka harbe ta ranar 31 ga watan Maris na shekara ta 1995 tana da shekara 23 a duniya. Wadda ta harbe ta kuwa ba baƙuwa ba ce. Matar da ta danƙa wa mabuɗan shagunan ce da takardun banki.

Kafin mu shiga labarinta, ya kamata a san mutanen da ta fito cikinsu. Teksas da can yankin ƙasar Meksiko ce. A 1836 ta ɓalle, a 1845 Amurka ta haɗe ta cikin jahohinta, sannan aka gwabza yaƙi tsakanin ƙasashen biyu daga 1846 zuwa 1848, Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta. Masu jin Sifaniyanci da ke zaune wurin ba su yi ƙaura ba, suna cikin gidajensu aka wayi gari sun zama ƴan wata ƙasa. Duk mai dangi a Maraɗi da Katsina ya san abin da iyakar da aka shata daga baya take yi wa zumunta. Jikokin waɗannan mutane, da waɗanda suka ƙetaro daga Meksiko bayansu suka zauna Teksas, su ake kira Tejano, ana faɗar sunan Tehano. Daga shekarun 1960, matasan Amurka ƴan asalin Meksiko masu fafutukar neman haƙƙinsu suka ɗauki wani suna kuma, Chicano ga namiji, Chicana ga mace. Shekaru masu yawa waɗannan mutane su ne masu tsinkar auduga da kiwon shanun wasu, kuma a lakwal da yawa na Teksas ana horon yaron da aka ji yana Sifaniyanci.

Kiɗansu ma haɗin gambiza ne mai daɗi. Jamusawa da mutanen ƙasar Cek da na Polan da suka zo Teksas cikin ƙarni na 19 sun zo da akodiyon, wannan abin kiɗa da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙeri, da rawarsu da ake kira polka. Tehano suka karɓa, suka haɗa da wata babbar jita mai tsirkiya 12 da waƙoƙin Meksiko, ya zama nasu. Amma kiɗa ne na mashaya da ɗakunan rawa na ranar Asabar da dare, inda ƴan ƙwadago ke zuwa kashe kuɗin mako. Macen da ta hau dandamali a irin wannan wuri, sai a fara yi mata wani kallo. Akwai dai waɗanda suka kutsa. Lydia Mendoza, wadda aka haifa a Houston a 1916, ita da iyayenta da ƙannenta a kasuwar San Antonio suke waƙa da dare, kusa da teburan mata masu sayar da abinci, masu wucewa na jefa musu ƴan kwabbai. Faifan farko da gidansu ya ɗauka a 1928, dalar Amurka 140 aka biya su. Sai a 1999, tana tsohuwa, shugaba Bill Clinton ya rataya mata lambar girma ta ƙasa. Bayanta an yi Laura Canales. Amma idan aka ƙirga masu suna a wannan kiɗa kafin Selena, matan ba su cika yatsun hannu ba.

An haifi Selena ranar 16 ga Afrilu 1971 a garin Lake Jackson. Ita ce auta cikin ɗiya uku na Abraham Quintanilla da matarsa Marcella. Uban nan shi ma mawaƙi ne da ƙuruciya, cikin wata ƙungiya mai suna Los Dinos, kuma ya sha wuya ta fuska biyu. Suna waƙa da Turanci, wasu masu ɗakunan wasa farar fata su kore su da zarar sun ga ƴan asalin Meksiko ne. Su je wurin nasu mutane kuma, a yi musu ihu don ba su waƙa da Sifaniyanci. Da iyali ya yi nauyi, ya aje jita ya kama aiki a kamfanin Dow Chemical. Amma abin bai fita ransa ba. Da ya ji muryar autarsa tana ƴar shekara 6, sai ya gyara garejin gidansa ya maida shi wurin koyon kiɗa, ya ba babban ɗansa A.B. jita mai babbar murya, ya ɗora ɗiyarsa Suzette kan ganguna, Selena kuma ta riƙe waƙa.

A 1980 ya bar aikin albashi ya zuba abin da ya tara cikin gidan abinci, inda yaran ke yi wa masu cin abinci wasa. Bai yi sa'ar lokaci ba. Arzikin Teksas ya dogara da man fetur, kasuwar man ta fara lalacewa, mutane suka rage fita cin abinci waje. Gidan abincin ya rufe, bashi ya ci gidansu na zama, suka kwashe suka koma Corpus Christi, garin uban na asali, suka raɓe wurin dangi. Daga nan waƙar yara ta daina zama wasa, ita ce tukunyar gidan. Suka ɗauki tsohon sunan ƙungiyar uban, suka zama Selena y Los Dinos, suka sami wata tsohuwar babbar mota da suka laƙaba wa suna Big Bertha, suna bin garuruwa: bikin aure, bikin cikar ɗiya mace shekara 15 wanda babban abu ne a al'adarsu, wasan kasuwar baje koli, har bakin titi. Sau da yawa abin da suka samu bai wuce na abinci da man mota ba.

Abu biyu a nan sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, yarinyar ba ta jin Sifaniyanci. Turanci ta tashi da shi, kamar yara da yawa na zamaninta waɗanda iyayensu suka sha horo a lakwal saboda harshen gida. Uban ne ya nace sai ta yi waƙa da harshen kakanninta, don ya san can kasuwar take, ya riƙa koya mata kalma bayan kalma, tana haddacewa tun ba ta san ma'anar abin da take rerawa ba. Na biyu, karatunta. Tafiyar dare ta sa tana zuwa aji a gajiye, malamanta suka yi ƙorafi, uban ya fidda ta daga lakwal tana aji na takwas, daidai da aji na uku na kwaleji a nan wurinmu. Ta ci gaba da karatu ta hanyar wasiƙa, ana aiko mata darussa tana yi cikin mota, har ta sami takardar ƙare sakandare tana da shekara 17. Masu yabon Abraham Quintanilla suna cewa ba don taurin kansa ba da duniya ba ta san Selena ba, kuma gaskiya ne. Amma ni a ganina, yarinyar da ke ciyar da gida tun tana ƴar shekara 10 an ci mata wani abu da kuɗi ba ya maidawa, ko da abin ya ƙare da ɗaukaka.

Faifansu na farko ya fito a 1984. Wahalar da suka fi sha ita ce ta samun wurin wasa. Masu shirya wasanni a Teksas sun sha maida su baya, hujjarsu ita ce mace ba ta cika ɗakin rawa, kuma an sha gaya wa uban cewa ɗiyarsa ba za ta kai ko'ina ba cikin sana'ar maza. Inda aka karɓe su kuma, a biya su ƙasa da abin da ake biyan ƙungiyoyin maza. Gidajen radiyo da matasa masu kiran waya suna neman waƙarta su suka fara karya wannan magana. A 1987 ta ci kyautar zabiyar shekara a gasar kiɗan Tehano, kuma ta riƙe wannan kyauta shekara bayan shekara har ƙarshen rayuwarta.

A 1989 manyan kamfanoni biyu suka neme ta, Sony da EMI. Sony ya fi ba da kuɗi, amma uban ya zaɓi EMI saboda fatan za su fitar mata da faifai na Turanci wata rana. Da aka kai maganar ga manyan kamfanin, sai suka ce ta dakata tukuna har ta tara jama'a cikin masu jin Sifaniyanci. Ku duba wannan lamari: ɗiyar da aka haifa a Amurka, wadda Turanci ne harshenta na farko, ita ake sa wa sharaɗi kafin ta yi waƙa da Turanci a ƙasarta. A shekarar nan ce kuma kamfanin Coca-Cola ya ɗauke ta tallar lemonsa a Teksas.

Wanta A.B. shi ke tsara yawancin waƙoƙin. Ya ɗauko kumbiya, wani kiɗan rawa mai asali daga ƙasar Kolombiya, ya haɗa da kayan kiɗan zamani na lantarki da salon da matasan birni ke so. Da wannan suka fita daga da'irar dattawa masu rawar polka. Waƙarta Como la Flor ta 1992 ita ta buɗe mata ƙofar Meksiko, ƙofa mai wuyar buɗuwa, don mutanen can sun daɗe suna yi wa ƴan uwansu na Teksas kallon waɗanda suka zubar da harshe da al'ada. Da ta je birnin Monterrey ganawa da ƴan jarida, mutanen kamfaninta suna tsoron Sifaniyancinta mai tuntuɓe zai ba da su. Ta gaisa da ƴan jaridar ɗaya bayan ɗaya da fara'a, in ta yi kuskure ta yi wa kanta dariya, washegari jaridu suka yabe ta.

Cikin wannan tsakani ta yi aure, kuma ba da yardar uba ba. Chris Pérez makaɗin jita ne cikin ƙungiyar, mai dogon gashi, ɗan salon kiɗan rok. Da uban ya gane akwai soyayya tsakaninsu sai ya kore shi daga aiki. Ranar 2 ga Afrilu 1992 suka je gaban hukuma su biyu aka ɗaura musu aure a ɓoye, kafin su kai ga sanar da gida labari ya fita a kafofin watsa labarai. Uban ya yi fushi, daga baya ya sauko, ya maida surukin nasa cikin ƙungiya.

Shekara ta 1994 ita ce ƙololuwa. Ta ci kyautar Grammy, wadda ita ce mafi girma a harkar waƙa a Amurka, da faifan wani wasa da ta yi a Corpus Christi. Faifanta Amor Prohibido ya shiga sahun faifan Sifaniyanci da aka fi saye a ƙasar. Ranar 26 ga Fabrairu 1995 ta yi wasa a babban filin Astrodome na Houston gaban mutum fiye da dubu 60. Waɗanda suka ce mace ba ta cika ɗakin rawa suna nan da ransu suka gani.

To, yanzu mu zo ga shaguna, don nan ne ajali ya biyo. Tun tana ƙarama Selena tana son zanen tufafi. Kayan da take sawa a dandamali ita ke tsara su, wasu ma ita ke liƙa musu duwatsu masu walƙiya da hannunta, kuma uban bai cika son yadda suke bayyana jiki ba. A 1994 ta buɗe shaguna biyu masu suna Selena Etc., ɗaya a Corpus Christi, ɗaya a San Antonio, ana sayar da tufafi ana kuma gyaran gashi da farce. Wannan ne abu na farko da ya zama nata ita kaɗai, ba na uba ko na ƙungiya ba. Tana shirin buɗe wani a Monterrey da fitar da turare mai sunanta. Sai dai mai shagon kullum tana kan hanya, dole a sami wanda zai zauna.

Yolanda Saldívar ma'aikaciyar jinya ce a San Antonio, ta girmi Selena da shekara 10. A 1991 ta kalli wasanta, ta dinga kiran uban a waya har ya yarda ta kafa ƙungiyar masoyan Selena, inda mutum ke biyan kuɗin shiga a aiko masa da riga da hotuna. Ta yi aikin da himma, ta bar aikin asibiti, ta shiga jikin gidan har ta zama kamar ƴar uwa. Da aka buɗe shagunan sai aka ba ta shugabancinsu. Ita ke ɗaukar ma'aikata, ita ke kora, ita ke sa hannu a takardun fitar da kuɗi daga banki, har katin bankin Selena yana hannunta. Mai karɓar kuɗi, mai aje su, mai rubuta lissafinsu, duk mutum ɗaya, kuma babu mai dubawa bayanta.

Ƙorafi bai daɗe ba ya fara. Ma'aikatan shago suka ce matar tana da fuska biyu, in Selena na nan ta yi laushi, in ta tafi ta zama wata aba, duk wanda ba ta so ta kore shi. Mai zanen tufafin da ke aiki da su ya kai kuka cewa ba a biyan masu kawo kaya. Selena ba ta yarda ba, tana ganin hassada ce ake yi wa aminiyarta. Sai ma'aikatan suka koma wurin uban. A watan Janairu 1995 kuma wasiƙu da kiran waya suka fara zuwa daga masoya da suka biya kuɗi ba a aiko musu komi ba. Uban ya bi takardu, ya gano an karkatar da fiye da dalar Amurka dubu 30 ta hanyar takardun banki na jabu. Kada a haɗa da dalarmu ta kasuwa: a canjin lokacin dalar Amurka guda tana kusan 500 F, wato abin ya kai kusan miliyan 15 na CFA. Ranar 9 ga Maris uban da Selena da Suzette suka zaunar da ita suka aje mata shaidar gabanta. Ba ta ba da amsar da ta gamsar ba. Uban ya hana ta kusantar ɗiyarsa, ya kuma yi barazanar kai maganar ga ƴan sanda.

A nan ne aka yi sakaci. Takardun banki da na lissafin shagunan, waɗanda ake bukata don biyan lanho, suna hannun Yolanda. Don haka Selena ta ci gaba da bin ta da lallashi, ita kuma tana ba da wasu tana riƙe wasu. Cikin wannan wata na Maris ta sayi ƙaramar bindiga a San Antonio, ta maida, ta sake saye. Da safiyar Juma'a 31 ga Maris, Selena ta tafi ita kaɗai otel ɗin Days Inn na Corpus Christi inda matar ta sauka. Yolanda ta ce an yi mata fyaɗe a Meksiko, Selena ta ɗauke ta a mota ta kai ta asibiti, suka komo ɗakin otel, maganar takardu ta sake tashi. Gab da ƙarfe 12 na rana, Selena ta juya za ta fita, harsashi ya same ta a bayan kafaɗar dama ya tsinke babbar jijiyar jini. Ta ruga har wurin karɓar baƙi tana zubar da jini, ta faɗi sunan wadda ta harbe ta da lambar ɗakin, sannan ta faɗi. Ƙarfe 1 da minti 5 likitoci suka tabbatar da rasuwarta. Saura kwana 16 ta cika shekara 24.

Yolanda ta kulle kanta cikin mota a harabar otel ɗin, bindiga a kanta, fiye da awa 9 kafin ta miƙa wuya ga ƴan sanda. Gidajen radiyon Tehano suka dakatar da shirye-shiryensu suna sa waƙoƙinta dare da rana. Dubun dubatar mutane suka yi layi don wucewa gaban akwatin gawarta, aka binne ta ranar 3 ga Afrilu. Amurkawa farar fata da yawa ranar nan suka fara jin sunanta, suna mamakin wace ce wannan da ake yi wa kuka haka. Wani shahararren mai gabatar da shiri a radiyo, Howard Stern, ya yi ba'a da ita da masu makokinta, har ya sa waƙarta haɗe da ƙarar bindiga. Mu da muke wannan aiki mun san makirfo amana ce, kuma abin da ya yi abin kunya ne. Da fushin jama'a ya yi yawa ya fito ya ba da haƙuri da Sifaniyanci. Gwamnan Teksas na lokacin, George W. Bush, ya ayyana 16 ga Afrilu a matsayin ranar Selena a jahar.

Ƴan kasuwar Amurka kuwa lissafi suka yi. Mujallar People ta fitar da bugu na musamman a kanta, ya ƙare, aka sake bugawa ya sake ƙarewa, abin da ya sa a 1996 suka kafa mujalla sukutum da Sifaniyanci. Faifan Turancin nan da aka yi ta ja mata rai a kansa, ta rasu ba ta gama shi ba. Aka haɗa waƙoƙin da ta riga ta ɗauka da wasu na Sifaniyanci aka fitar a watan Yuli 1995 da sunan Dreaming of You. An sayar da kofi dubu 331 a makon farko, ya hau matsayi na ɗaya a duk ƙasar. A 1997 aka yi fim ɗin rayuwarta, Jennifer Lopez ta fito a matsayinta aka biya ta dalar Amurka miliyan guda, ko da yake wasu Tehano sun yi gunaguni don ita asalin iyayenta Puerto Rico ne, ba Meksiko ba. Iyalinta sun buɗe gidan tarihi a Corpus Christi, an kafa mutum-mutuminta a bakin teku, kuma a 2020 wasu jami'o'i a San Diego da San Antonio suka buɗe darasi a kanta, inda ɗalibai ke nazarin al'adar Tehano da matsayin mata ƴan asalin Meksiko a harkar waƙa. Kiɗan Tehano kansa dai ya ja baya bayan rasuwarta, manyan kamfanoni suka janye, gidajen radiyo da yawa suka koma sa kiɗan da ke zuwa daga Meksiko.

Shari'ar Yolanda Saldívar a Houston aka yi ta, don ana ganin ba za a sami masu yanke hukunci marasa fushi a Corpus Christi ba. Ta ce kanta ta yi niyyar harbi, bindigar ta tashi bisa kuskure. Ba a karɓi wannan magana ba. Ranar 23 ga Oktoba 1995 aka same ta da laifin kisan kai, bayan ƴan kwanaki aka yanke mata ɗaurin rai da rai, da sharaɗin ba za ta nemi sassauci ba sai bayan shekara 30. Wa'adin ya cika a watan Maris 2025, hukumar da ke duba sakin ƴan kaso ta Teksas ta ƙi sakinta, ta aje sake duba maganar zuwa shekara ta 2030.